Bashin Karatu: Ɗalibi Za a Bi ko Makaranta?

Manoman Kura da Bunkure sun san ɗacin bashin gwamnati tun shirin Anchor Borrowers na 2015. Yanzu abin ya iso kan 'ya'yansu. Dokar bashin ɗalibai ta 2024 ta tanadi yankar kashi 10 cikin ɗari na albashi, shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Sai dai a 2025 hukumar NELFUND da kanta ta koka cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ɗaliban da suka riga suka biya, ba su mayar musu ba. Uba ya sayar da shinkafarsa, makaranta ta karɓa sau biyu, bashi kuma yana wuyan yaro. A ganina, kafin masu bin bashi su yi sallama a gidan ɗalibi, wajibi ne a fara binciken asusun makarantarsa. Iyaye kuwa, ku adana kowane rasit.