AMSA GA MALAMIN DA YA TAMBAYI AMFANIN ƊAN BENCI

Wani malamin makaranta ya rubuto mana takarda, ya ce almajiransa sun tsananta masa da zancen wasan nan na Amurka da a ke kira ƙwallon kwando, har shi ma ya zauna ya kalla. Ya ce abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai. Ya ga ƙato zabgege, wanda ya fi kowa tsawo a filin, an zaunar da shi bisa benci da tawul a wuyansa, sai an jima a tashe shi ya yi ɗan guje-guje, kafin ya yi gumi sosai an komar da shi. Shi ne Malam ya ke tambaya, shin wannan ba cin albashin banza ba ne?

To, Malam, mun gode da tambaya. Amma kafin mu yanke wa mutumin hukunci, bari mu fara bayyana wa waɗanda ba su san wasan ba yadda ya ke.

Mutum biyar biyar ne ke shiga fili. Ko wane gefe akwai zobe na ƙarfe da raga, an kafa shi sama ƙafa 10 daga ƙasa, wanda ya jefa ƙwallo ta cikinsa ya sami maki biyu, in kuwa daga bayan wani dogon layi ya jefo, maki uku. Cikin biyar ɗin nan a kan sa wanda ya fi tsawo ya tsaya gindin kwando, shi a ke ce wa ɗan tsakiya. Aikinsa tsaron gida, watau ya kaɗe ƙwallon abokan gaba tun ba ta kai ga zobe ba, in kuma ta bugi ƙarfe ta dawo ya cafe. A babbar gasar Amurka, wadda su ke kira NBA, minti 48 a ke yi, an raba shi kashi huɗu. Ba mai irin wannan jiki da zai jure minti 48 yana kai da kawowa, ga shi kuma doka ta ce wanda ya yi laifi shida a fitar da shi. Don haka ne ko wace ƙungiya ta kan ajiye ɗan tsakiya na biyu, mai jiran na fari ya gaji, ko ya ji rauni, ko laifinsa ya yi yawa. Shi ne wanda Malam ya gani da tawul.

Zance a iska ba ya gamsar da mai hankali, sai da misali. Misalin da za mu kawo kuwa na wani mutumin Afirka ne, Manute Bol, ɗan kabilar Dinka ta kudancin Sudan, masu kiwon shanu. Tsawonsa ƙafa 7 da inci 7. Mai karatu ya dubi ƙofar ɗakinsa ya kwatanta. In ya buɗe hannuwansa biyu, daga yatsa zuwa yatsa ƙafa 8 ne da rabi. Amma fa duk tsawon nan nauyinsa bai wuce wajen laba 200 ba, siriri ne kamar gora. Kiwo ya tashi yana yi, bai taɓa ƙwallo ba sai da ya zama saurayi. Shi da bakinsa ya kan ba da labari cewa ya taɓa kashe zaki da mashi sa'ad da ya ke tsaron garke, Turawan Amurka kuwa suka riƙe wannan labari ba su gajiya da maimaita shi. A takardunsa an rubuta an haife shi 1962, ko da ya ke wanda ya koyar da shi wasa a birnin Kilibilan ya ce daga baya shi ne ya ƙaga masa ranar haihuwar, don ba a rubuta irin wannan a ruga.

Cikin 1982 wani Ba'amurke mai koyar da wasa, Don Feeley, ya je Kartum ya gan shi, ya ba shi shawara ya haye teku. Ya tafi bai iya Turanci ba, bai ko iya karatu ba. Ya yi shekara guda yana yi wa Jami'ar Bridgeport wasa, sa'an nan a 1985 ƙungiyar Bullets ta birnin Washinton ta ɗauke shi, shi ne na 31 a jerin waɗanda aka zaɓa a shekaran nan. Mutane da yawa suka ce ai don 'yan kallo aka ɗauko shi, kamar yadda mai wasa da kura ke tara jama'a a kasuwa.

Sai ga shi babban ɗan tsakiyarsu, Jeff Ruland, ya ji rauni, ya kwanta mafi yawan shekarar. Aka ce Bol ya tashi. A wasa 80 ya kaɗe ƙwallo sau 397, watau kusan biyar ko wane wasa, ya fi kowa a gasar duka, har wa yau kuwa ba sabon shiga da ya kama ƙafarsa. Ga amsa ta fari, Malam. Da ba a ciyar da shi yana zaune ba, da ranar da aka neme shi ba a same shi ba.

Duk da haka, da shekara ta juyo, Washinton ta sayo Moses Malone, gwani ne wanda sau uku a na zaɓensa zakaran gasar, Bol ya koma benci. Nan ya fi zama har ƙarshen wasansa. In an raba mintocinsa bisa wasanninsa, ba su kai 19 ba a ko wane wasa.

Yanzu sai yadda ya ke wasan, don nan ne abin mamaki ya ke. Akwai doka cewa in ƙwallo ta fara gangarowa wajen zobe ba mai taɓa ta, wanda ya taɓa an ba abokan gaba makinsu. Sabo da haka mai kaɗewa dole ya same ta tana kan hawa, cikin ƙiftawar ido. Sauran mutane sai sun yi tsalle, mai tsalle kuwa a kan yaudare shi: ka yi kamar za ka jefa, ya tashi, ka jira ya sauko, sa'an nan ka jefa. Bol ba shi da bukatar tashi da wuri. Sai ya tsaya ƙafafunsa a ƙasa, ya bari ƙwallo ta bar hannun mai ita tukuna, ya miƙa dogon hannun nan ya mare ta. Sau biyu ya kaɗe 15 a wasa guda. Wata rana da su ke karawa da Orlando ya kaɗe huɗu a jere, suna ɗauka suna jefawa yana mayar musu, kamar mai korar kaji daga shanya. Abin da ba a iya lissafawa ma ya fi wannan yawa, watau waɗanda suka nufo kwando da gudu, suka ɗaga kai suka gan shi, suka fasa, ko suka jefa ƙwallo sama can ba saiti don tsoro. Magatakarda ba ya rubuta wannan a littafi, amma mai koyarwa ya sani.

Kada a ce mun ɓoye aibinsa. Ba shi da ƙarfin ture-ture, ƙattin da suka fi shi nauyi da laba 50 ko 60 su kan sa kafaɗa su kau da shi daga gindin kwando, shi ya sa cafe ƙwallonsa bai kai yadda tsawonsa ya cancanta ba, huɗu da 'yan kai ne a wasa. Wajen jefawa kuwa sai a hankali. Hannunsa bai iya riƙon ƙwallo da kyau ba, in an ba shi ita 'yan'uwansa su kan riƙe numfashi. Da ya bar NBA ya yi wasa 624, makinsa duka 1,599, kaɗewarsa 2,086. Cikin dukan waɗanda suka daɗe a gasar nan shi kaɗai ne abin da ya hana ya fi abin da ya ci. In ƙungiyarsa na baya tana neman maki, zamansa a fili hasara ne, kamar su huɗu ne ke kai hari. In kuwa tana gaba tana so ta tsare abin da ta samu, ba kamarsa. To, mutumin da ya ke haka ai ba a ba shi minti 40, ba a kuma sallamarsa. A kan ajiye shi ne kamar laima.

Mu gwada shi da Hakeem Olajuwon, mutumin Legas, wanda ya fi kowa yawan kaɗewa a lissafin gasar, 3,830. Hakeem sarki ne a ƙungiyarsa ta Houston, ya ci musu kofi a 1994 da 1995, ba mai haɗa darajarsa da ta Bol. Amma shi ya kan yi kusan ninkin mintocin Bol a fili, duk da haka in an raba bisa wasa, Bol ya ɗan ɗara shi wajen kaɗewa. Mu dai a ganinmu wannan lissafi kaɗai ya isa ya wanke ɗan benci daga zargin cin banza.

A 1987 Washinton ta ɗauko wani ɗan gajere, Muggsy Bogues, ƙafa 5 da inci 3, aka riƙa ɗaukar hotonsu tare, dogo da gajere, a na sayar da jarida. A 1988 aka mai da Bol ƙungiyar Golden State a Kalifoniya. Mai koyarwa a can, Don Nelson, mutum ne mai son abin da ba a saba ba. Ya ce tun da ba ka iya kokawa a gindin kwando, fita waje can ka jefa ta maki uku, in ƙatonsu ya biyo ka ya bar mana hanya, in bai biyo ba ka gwada sa'arka. A shekaran nan ya jefa 91, guda 20 suka shiga, ya kuma kaɗe 345, ya sake zama na ɗaya. Jifarsa abin dariya ce, ya kan kai ƙwallo bayan ƙeya ya wurgo ta kamar mai harba majaujawa. Amma a Maris 1993, yana Filadelfiya, suka je Finiks, inda tsohon abokin wasansa Charles Barkley ya koma, Bol ya jefa 12 bayan hutun rabin lokaci, shida suka shiga. Mutanen garin da kansu suka riƙa yi masa sowa, ko da ya ke ƙungiyarsa ce aka ci. A yau dogaye masu jifa daga nesa sun cika gasar, ba mai yi musu dariya. Cikin ƙarshen 1994 gwiwarsa ta lalace, daga nan bai sake wasa a NBA ba.

Saura zancen albashi, tun da shi Malam ya tambaya. Yaƙin basasa ya tashi a Sudan a 1983, bai kwanta ba sai 2005, ƙasar Dinka kuwa tana cikin inda wuta ta fi ci. Bol ya rasa dangi da yawa. Mafi yawan abin da ya tara a Amurka can ya tura shi, wajen 'yan gudun hijira da kuma mayaƙan kudu, ya riƙa zuwa sansani da ƙafarsa, yana kuma bin manyan Washinton yana roƙo su dubi ƙasarsa. Bayan ya bar wasa ya koma Kartum, zama ya yi masa wuya, fita ma ta gagara, sai da ƙyar ya isa Alkahira a 2001, ya koma Amurka a 2002 a matsayin ɗan gudun hijira, hannu wofi. Don ya tara kuɗin taimako har dambe ya yarda ya yi a talabijin, mutane na dariya. Waɗansu sun ce ya zubar da girmansa. Mu ba mu ga haka ba, don ba cikinsa ya yi wa ba. A 2004 ya yi haɗarin mota ya karye a wuya, ya tashi da sanda, ya ci gaba da neman kuɗin gina makarantu a kudancin Sudan, ta fari a garinsu Turalei, shi da bai sami shiga aji ba yana yaro.

A Sudan ciwon ƙoda ya tsananta masa, ga kuma wata cuta ta fata da magani ya jawo. Aka kai shi asibiti a jihar Bajiniya, ya mutu ran 19 ga Yuni 2010. Aka ɗauko gawarsa aka binne a Turalei, saura shekara guda da 'yan kwanaki Sudan ta Kudu ta zama ƙasa mai mulkin kanta, ran 9 ga Yuli 2011. Ɗansa, Bol Bol, an zaɓe shi shiga NBA a 2019, shi ma dogo ne siriri mai jifa daga nesa, shi ma kuwa daga benci ya fara.