Teburin Kafinta: A Auna Ɗaki Kafin a Sayi Katako

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, ƙungiyoyi da dama suna shirin buɗe wurin kafinta domin samari su sami abin yi da rani. Wannan shawara ce mai kyau. Amma yawancinmu ɗaki ɗaya gare mu, mai ƙafa 10 da ƙafa 12, a ciki kuma a ke ajiye taki da garma. Sabo da haka tilas a yi tunani a kan girman teburin aiki tun ba a taɓa kuɗin asusu ba.

Ra'ayina shi ne, tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 2 ya ishe mu. Ga dalilai.

Na fari, wuri. Tebur mai ƙafa 8 da ƙafa 4, irin wanda wasu ke sha'awa, zai cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin. Hannun mutum kuwa ba ya kai ƙafa 4, sai an kafa teburin a tsakiya ana zagayawa. Ƙaramin, kashi ɗaya cikin goma kaɗai zai ci. In an jingina shi da bango mai ƙafa 12, za a sami sararin ƙafa 3 a kowane gefe, sa'an nan a bar ƙafa 3 a gaba inda mai aiki zai tsaya.

Na biyu, kuɗi. A kasuwa ana sayar da katako mai tsawon ƙafa 12. A sayi guda mai kaurin inci 2 da faɗin inci 12, a raba shi biyu, a jera, saman tebur ya samu ke nan, ba guntun da zai tafi a banza.

Na uku, ƙofa. Ƙofar ɗaki sau da yawa ƙafa 2 da rabi ce. Ƙaramin tebur zai fita ta nan, a yi aiki a inuwa da rana, a mai da shi da yamma. Babban kuwa, inda aka harhaɗa shi nan zai tsufa.

Wasu za su ce, to, ranar da aka kawo aikin ƙyaure ko dogon benci fa? Tambaya ce mai ma'ana. Amma mu duba abin da a ke kawowa kullum: ƙotar fartanya, karkiyar shanu, akwatin zuma, kujera, gyaran amalanke. Duk waɗannan ƙafa 6 ta ɗauke su. Domin dogon aiki, sai a yi 'yan ƙafafun tokara guda biyu, tsayinsu daidai da na tebur. In an gama a rataye su a bango.

Game da tsayi, mai aikin shi ne ma'auni. Ya tsaya tsaye, ya saki hannu, saman tebur ya zo daidai wuyan hannunsa, watau wajen inci 32 zuwa 36 ga yawancin mutane. In ya yi ƙasa, baya ya yi ciwo. In ya yi sama, ba ƙarfin danna katako wajen gogewa.

Inda bai kamata a yi ƙwauro ba shi ne nauyi. Tebur mai rawa yana ɓata yankan zarto, yana kuma jawo rauni. A yi masa ƙafafu masu kauri, na maɗaci in an samu, a ɗaure su da katako ta ƙasa, a ɗora akwatin kayan aiki a kai don ƙarin nauyi. Katakon ya zama busasshe, gama ɗanye yakan tsuke ya buɗe baki in hunturu ya buga shi. A ɗora ƙafafun bisa dutse sabo da gara.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kafin taron kwamiti na gaba, a sa mutum biyu su auna ɗaki da ƙofa, su zana wurin teburin da gawayi a ƙasa, kowa ya gani da idonsa, sa'an nan a fitar da kuɗi.