Kada mu riƙa zubar da ƙashin kajinmu

Da yawanmu a Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan muna kiwon kajin Hausa a ɗan lungun bayan gida. Amma in an yanka, sai a cinye tsoka, a watsar da ƙafafu da ƙashin baya, sannan a aiki yaro ya sayo dunƙulen maggi. A ganinmu wannan asara ce.

Tsohuwar kazar da ta daina ƙwai, wadda muke rainawa saboda taurin nama, ita ta fi ba da romo. Kajin gidan gona da ake yankawa a sati shida zuwa takwas ba su kama ƙafarta ba. A zuba ƙasusuwan a ruwan sanyi, in ya tafasa a kwashe kumfar farko, a sa albasa, citta, masoro da ’yar daddawa, a rage wuta ya dahu a hankali awa uku zuwa huɗu. Gas ya yi tsada, mun sani. Garwashin da aka sauke tuwo a kai, da ɗan ƙarin gawayi, ya wadatar.

In ya huce ya kama jikinsa, to ya yi. Da shi za a kaɗa miyar kuka, a rage dunƙule, wanda gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Iyayenmu masu hawan jini su za su fi amfana.

Sai dai kazar da ke rashin lafiya ba ta tukunya ba ce, ko da an riga ta da wuƙa. Kuma inda wutar firji ba tabbas, a dafa na yini ɗaya kawai.