Shin Buhun Siminti Ya Fi Ran Lebura Daraja Ne?

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake zuba dakin ya san yadda abin yake. Yaro matashi da kwanon kankare a ka, yana hawa tsanin katako da silifas, ba hular kwano, ba takalmi. Ƙafa ta zame, ya faɗo kan rodi. Sai ihu da salati. Wani ya yago riga mai siminti ya ɗaure ciwon, wani ya ce a zuba baƙin mai, huɗu su cicciɓe shi hannu da ƙafa su cusa a adaidaita sahu. Kafin la'asar an kawo wani ya ɗauki kwanonsa, aiki ya ci gaba.

Sai ka ji ɗan kwangila yana cewa wai ƙaddara ce. To, ƙaddara gaskiya ce, amma ba mafakar azzalumi ba ce. Ai shi ma ya yi imani da ƙaddarar, amma bai bar simintinsa a hannunta ba. Ya yi sito, ya sa kwaɗo, ya ɗauki maigadi, kullum sai an ƙirga buhu. Ran talaka ne kawai ya bari ba tanadi. Kaico!

Me ake nema a wajensa? Akwatin agajin gaggawa mai bandeji, auduga, almakashi, safar hannu da maganin wanke ciwo. Ruwa mai tsabta. Mutum ɗaya da aka koya wa aikin, wanda ba ya barin wajen. Mota ko hanyar kai majinyaci asibiti. Kuɗin akwatin nan bai kai na 'yan buhunan siminti ba.

Kuma wannan ba ado ba ne. Jini in ya ɓalle daga babbar jijiya yana iya kashe mutum cikin 'yan mintuna, alhali danne wajen da ƙarfi da tsumma mai tsabta kan tsayar da shi. Wanda numfashinsa ya tsaya, ƙwaƙwalwarsa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wanda ya faɗo daga sama mai yiwuwa ƙashin bayansa ya karye, cicciɓar da aka yi masa don tausayi ita za ta gurgunta shi har abada. Siminti a ido ƙuna ne, maganinsa na farko a yi ta kwarara ruwa kamar minti 20. Wa ya taɓa koya wa lebura wannan?

Mahukunta ba za su ce ba su sani ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta akwatin agajin gaggawa a masana'anta, da ƙarin guda ga kowane ƙarin ma'aikata 150. Yarjejeniya mai lamba 167 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1988, ta ɗora wa mai ba da aiki a wajen gini nauyin samar da agajin gaggawa da wanda ya iya shi a kowane lokaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ma tana nan. Duk suna nan, amma a takarda. Leburan yini da ba a ko rubuta sunansa ba, wace diyya zai nema?

Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, fiye da mutum 40 suka mutu. A Agustan 2022 wani da ake ginawa a Titin Beirut cikin Kano ya rufta kan jama'a. Waɗannan su aka ji, don suna da ƙara. Wanda ya faɗo shi kaɗai a bayan gari, jini ya ƙare masa a hanya, ba rediyon da zai ambace shi. Uwarsa ce kawai za ta karɓi zaman makoki.

Saboda haka magina, kafintoci da leburori su daina jiran wani ya ji tausayinsu. Su haɗa kai, su tambayi akwatin kafin su ɗauki shebur. Ƙungiyoyinsu su tura 'ya'yansu koyon agajin gaggawa. Mai gida kuma, ko shago ɗaya yake ginawa, ko masallaci ne, ya sani wannan lebura amana ce a hannunsa. In ya tsere wa tuhumar duniya, akwai ranar da za a tambaye shi, kuma ranar nan ba cin hanci.