Sayen Zarton Inji: Ka Fara Neman Bakanike Kafin Ka Biya Kuɗi

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Kumasi, Techiman da Tamale ya san itacen wuta da gawayi babbar sana'a ce. Mai tuya, mai waake, mai gidan burodi, mai ƙyafe kifi, duk da itace suke aiki, kuma buƙatar ba ta yankewa. Wannan ne ya sa matasa da yawa a zangunanmu, da manoma masu gonar kashu ko mangwaro, ke tara kuɗi don sayen zarto mai inji, irin wanda ke shan fetur. Aikin da gatari zai kwashe mako yana yi, injin kan gama shi a yini guda.

Matsalar ita ce yawancinmu muna saye da ido ne da kunne. A ga fenti yana ƙyalli, a ji ƙara ta cika kasuwa, a karanta sunan da ke jikin murfi, sai a zaro kuɗi. Ra'ayina a nan shi ne: injin da za a dogara da shi, shi ne wanda ya dace da aikinka, yake da birki mai aiki, kuma akwai kayan gyaransa da bakaniken da ya san shi a garinku. Suna da girma da farashi duk bayan waɗannan suke zuwa.

Mu fara da girma, domin a nan aka fi yin ɓarnar kuɗi. Ƙarfin injin ana auna shi da cc, kuma akan rubuta a jiki ko a takardarsa. Mai sassabe rassa da yanka itacen girki na gida, inji mai cc 30 zuwa 40 ya ishe shi, da ƙarfen sarƙa, wato dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, mai inci 14 zuwa 16. Stihl MS 180 yana cikin wannan aji, nauyinsa kusan kilo 4 ne. Wanda itacen wuta ne sana'arsa, kullum yana daji, ya nemi cc 45 zuwa 60 da ƙarfe mai inci 16 zuwa 18. Daga cc 70 zuwa sama kuwa, irin su Husqvarna 372 XP ko Stihl MS 382, na masu kayar da manyan itatuwa ne.

To amma je ka tambayi saurayin da ke tara kuɗi, zai ce maka shi 070 yake so. Wannan inji na Stihl ya haura cc 100, kuma nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa ƙarfe da sarƙa ba. An ƙera shi ne don manyan gungume. Ka ɗauke shi ka yini kana yanka reshen dogon yaro, ai kafin la'asar hannu ya mutu, fetur ya ƙare, ga ciwon baya. Kuma gajiya kan jawo haɗari. Mutane da dama ba su san cewa ƙarfe mai inci 16 zai iya yanka gungumen da kaurinsa ya kusa ninka tsawonsa ba, in aka ci shi ta gefe biyu. Haka kuma ɗaura dogon ƙarfe a kan ƙaramin inji ba ya ƙara masa ƙarfi, wahalar da shi kawai yake yi.

Sai maganar kayan gyara, wadda a ganina ita ce uwa uba. Zarton inji abu ne mai cin kansa. Sarƙa tana ƙarewa, ƙarfenta yana cinyewa, fulogi yana mutuwa, igiyar tayarwa tana tsinkewa, kafireto yana toshewa, wata rana ma fistin da rin su nemi canji. Ko injin da ya fi kowane tsada a duniya sai ya bi ta nan. Tambayar ita ce, ranar da ya tsaya, ina za ka kai shi? Mutumin Kumasi yana da Suame Magazine a bayan gida. Wanda ke ƙauye a bayan Salaga ko Yendi fa? In sai an aika Accra kafin a samo masa ɗan ƙarfen da bai kai girman yatsa ba, to injin zai yi sati biyu a ƙarƙashin gado, abokan ciniki kuma su koma wajen wani.

Saboda haka kafin ka taka shagon mai sayarwa, fara zuwa wurin bakaniken da ke gyaran irin waɗannan injuna a yankinku. Tambaye shi wane iri ne kayansa ke samuwa nan take, wane ne ke yawan dawowa da ciwo guda, wane ne yake ƙin karɓa. Shi ba ya da riba a cinikinka, kuma shi ne ke ganin cikin injunan bayan fenti ya goge. Ga misali guda da ke nuna amfanin tambaya. Dolmar tsohon kamfanin Jamus ne da ya yi suna a wannan fanni tun 1927, kamfanin Makita na Japan ya saye shi a 1991, sannan a 2022 Makita ya daina ƙera injuna masu shan fetur, ya karkata ga masu batir. Injunan suna da kyau, amma mai saye a yau dole ya tambayi inda zai riƙa samun kayansu nan da shekara biyar.

Akwai kuma jabu. Duk injin da ya yi suna, an kwaikwaye shi, launi da rubutu da kwali. In aka yi maka tayin sabon inji mai babban suna a rabin farashin da dillalin kamfani ke sayarwa, ka san da walaki. Duba lambar da aka buga a jikin injin, ka nemi rasit mai ɗauke da wannan lambar, da takardar garanti, da littafin bayani. Mai sayarwar da ya fara inda-inda a kan rasit ya riga ya ba ka amsa.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, kana maganar Stihl da Husqvarna da Echo, mu kuwa kuɗin ɗan Caina kawai muke da shi." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ban kuma raina ta ba. Ba duk injin Caina ne banza ba, har manyan kamfanonin ma suna da masana'antu a can. Manomin da zai taɓa injin sau uku ko huɗu a shekara, inji mai sauƙin kuɗi zai iya yi masa, musamman da yake kayan wasunsu sun cika kasuwa. Bambancin da nake so a gane shi ne tsakanin inji mai araha da ke ɗauke da sunansa na gaskiya, da wanda ya ari sunan wani. Na farko ka san abin da ka saya. Na biyu kuwa da ƙarya aka fara cinikin. Amma wanda da injin zai ciyar da iyali kullum, ya tuna araha ba ta ado, gara ya ƙara haƙuri ya cika kuɗi, ko ya nemi na hannu mai asali.

In na hannu za ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama. Taɓa jikin injin ka ji ko da sanyinsa, domin wasu kan ɗumama shi kafin ka iso don ya tashi da ja ɗaya. Riƙe shi ta igiyar tayarwa ka sake shi a hankali: in ya zurare ƙasa da sauri, ƙarfin fistin ya tafi. Bakanike zai iya kwance salansa ya leƙa ko fistin ya karce. Idan injin yana aiki ba a danna mai ba, bai kamata sarƙa ta riƙa juyawa ba. Sannan ka nuna bakin ƙarfen ga wani busasshen katako ka ba shi wuta kaɗan, ya kamata ka ga layin feshin mai, alamar cewa sarƙa tana samun mai ke nan.

Batun birki kuwa ba na ciniki ba ne. Idan ɓangaren sama na bakin ƙarfen ya taɓa reshe ko ya maƙale, injin kan yi tsalle baya ya nufo fuska da kafaɗa, da saurin da mutum ba zai iya kaucewa ba. Wannan murfin da ke gaban hannun hagu shi ne birkin sarƙa, shi ke tsayar da ita nan take. Ka gwada shi a gaban mai sayarwa. In babu shi, ko an ɗaure shi da waya, ajiye injin ka yi gaba ko da kyauta ne. Cikin lissafin kuɗinka kuma ka sa hular kwano, tabarau, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki, da abin toshe kunne, domin ƙarar injin ta haura ma'aunin desibel 100, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Aiki da silifas da riga mai yawo, ko shiga daji kai kaɗai, ganganci ne.

Gaskiyar magana kuma, injuna da yawa da ake zagi mu ne muke kashe su. Injin nan ba ya da ma'ajiyar man inji irin ta mota, a cikin fetur ake gauraya masa. Stihl da Husqvarna suna cewa kashi 50 na fetur a kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5, kuma man da aka yi musamman don irin wannan inji. Wasu masu araha suna neman mai fiye da haka, sai a bi abin da littafinsu ya ce. Awo da ido ko da murfin kwalba shi ke ƙona fistin. Gaurayen da ya wuce wata guda a jarka ya fara lalacewa. Zuba baƙin man mota a wurin man sarƙa yana cinye famfo da ƙarfe. A lokacin hunturu, ƙura kan toshe matacin iska cikin yini ɗaya, sai a wanke shi kullum. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa, in ka ga gari kamar na tuwo to ta dakushe, a ɗauko magagari daidai da girman haƙoranta.

Daga ƙarshe akwai doka, wadda mai sayarwa ba zai tuna maka da ita ba. A Ghana, tun 1998 aka haramta tsaga katako da zarton inji don sayarwa, kuma ana buƙatar mai injin ya yi masa rajista a majalisar gunduma. Itatuwan katako da suka fito da kansu, ko a gonarka suke, ba ka da ikon kayar da su ka sayar sai da izinin hukumar kula da gandun daji. Madobiya, wadda aka yi wa sara babu ƙaƙƙautawa a arewa don kai wa Caina, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido tun 2017. Ranar da jami'ai suka kama mutum, injin da ya shekara yana tara kuɗinsa shi ake fara ƙwacewa.

Ko ba don tsoron hukuma ba, akwai itatuwan da bai kamata sarƙa ta taɓa ba. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, inji kuwa cikin 'yan mintuna zai kwantar da ita, kuma da man kaɗe da daddawar ɗorawa ne iyayenmu mata a arewa ke biyan kuɗin makaranta. Busasshen itace, rassan sassabe, da abin da mutum ya shuka da hannunsa kamar tik da dogon yaro, sun isa a yi sana'a. Wanda ya je saye gobe, ya fara biyawa ta wurin bakanike, ya gwada birki da hannunsa, ya karɓi rasit, sannan ya wuce ofishin gunduma kafin ya shiga daji. Allah ya sa a dace, ya kuma kiyaye mu da tsautsayi.