Bindiga A Kafaɗa, Horo Babu

Duk ranar da ɗan sanda ya harbe direba a shingen bincike, ko aka fito da gawar wanda ake tuhuma daga bayan kanta, jawabin da za a karanta mana mun riga mun haddace shi. Za a ce bara-gurbi ne. Za a ce an kama shi, an tuɓe masa kaki, bincike na gudana.

Mun gaji da jin wannan.

Bara-gurbi nawa ake samu a kwando ɗaya? Idan kullum ƙwai na fitowa a ruɓe, ai sai a je a leƙa akurkin. Wanda ya leƙa makarantun da ake horar da kuratan 'yan sandan Najeriya zai daina mamakin abin da yake gani a kan titi.

An taɓa leƙawa kuwa. A watan Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna wa duniya cikin Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja: rufi ya rufta, banɗaki ba ya shiguwa, ɗakunan kwana babu kyan gani, ana gutsuttsura kifi ɗaya ana raba wa tarin kurata. Shugaba Goodluck Jonathan ya kai ziyarar ba-zata ya gani da idonsa. Abin da ya fi damun sa a ranar shi ne yadda aka yi 'yan jarida suka shiga suka ɗauki hoton, yana ganin an yi ne don a ɓata sunan gwamnati. Yaran da ke kwana a wannan ƙazanta fa? Su ne aka yaye, aka ba bindiga, aka turo mana.

Masu riƙe da wannan amana ba za su ce ba su sani ba. Daga shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta shiga ɗibar kurata 40,000 a kowace shekara, aka cusa su a makarantun da ba a gina don wannan taro ba. Kwamitin Ɗanmadami kan gyaran aikin 'yan sanda ya zauna a 2006. Na M.D. Yusufu ya zauna a 2008. Na Parry Osayande ya zauna a 2012. Kowanne ya yi kuka da lalacewar horo, kowanne ya miƙa rahoto, an karɓa da hannu biyu an yi godiya. Ina rahotannin suke yau?

A 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, dokarsa ta ware masa kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya, kuma horo na cikin manyan dalilan kafa shi. To, su fito su nuna mana. Aji nawa aka gina a kwalejin Kaduna? Malami nawa aka ɗauka a ta Maiduguri da ta Oji River? Motocin da ake jerawa a gaban kyamara muna ganin su. Abin da aka zuba a kan kurtu shi muke tambaya.

Wata shida ake yi da kurtu. Fareti yake sha, da gwale-gwale, da tsawa, da sara wa na gaba. Yana fitowa ya iya ƙamewa, ya iya buga ƙafa. Tambaye shi awa nawa doka ta yarda ya tsare mutum kafin ya kai shi kotu, ka ji abin da zai ce.

Amsar tana sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999: kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, kwana biyu idan babu. Wane caji ofis ne a birnin Kano, ko Kaduna, ko Sakkwato ya yi nisan kilomita 40 da kotu? Amma mutum ya yi mako a kulle, iyalinsa na zarya da kwanon abinci, ana ce musu oga bai zo ba.

Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta Turawan mulkin mallaka ta 1943, ta sake nanatawa. Duk da haka har gobe ana zuwa neman yaro, a rasa shi, a tafi da mahaifiyarsa. Dokokin nan biyu sun hana kama mutum a kan bashi ko saɓanin ciniki. Ku je kowane ofishin 'yan sanda ku ƙirga masu zaman benci saboda kuɗin haya da cikon kuɗin kaya. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya gana wa ɗan Adam azaba don ya amsa laifi. Jami'i nawa kuka ji an ɗaure a kanta?

A bango an rubuta beli kyauta ne. A ƙarƙashin wannan rubutun ake ƙirga kuɗin.

Kada a ce mana duk mugunta ce. Da yawa jahilci ne, kuma jahilcin da aka ƙera da gangan. Wanda ba a koya masa tattara shaida ba, ba a koya masa killace wurin da aka yi laifi ba, ba a koya masa yi wa mutum tambaya har gaskiya ta fito ba, da me zai gama bincike? Da duka zai gama. Sai an je gaban alƙali lauya ya yi watsi da takardar amsa laifin, ɓarawo na ainihi ya koma gida, wanda bai ji ba bai gani ba ya koma da karayar haƙarƙari.

Arewa ta fi kowa sanin farashin wannan. Ranar 30 ga Yulin 2009 sojoji suka kama shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, a Maiduguri da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda. Bai kwana ba aka kashe shi. Komai girman laifinsa, wurinsa kotu, inda za a tambaye shi wa ke ba shi kuɗi, su wa ke bayansa. An rufe wannan baki da harsashi, an ba mabiyansa abin kafa hujja, kuma ga shi shekara da shekaru muna binne mutane.

Sannan a dubi hannun ɗan sandan namu. Tsakanin tsawa da harbi ba shi da komai. Kama mai gardama ba tare da an karya shi ba ilimi ne. Sa ankwa ilimi ne. Sanin inda kulki ke sauka da inda ba ya sauka, wato kai da wuya, ilimi ne. Haka ba da tazara ga ɗan daba mai wuƙa, da lallashin mai taɓin hankali har ya ajiye abin da ke hannunsa, da sanin cewa mutumin da aka kifar rub-da-ciki aka danne bayansa yana iya shaƙewa ya mutu. Ana koyon waɗannan ne da maimaici, a kan tabarmar atisaye, har jiki ya saba. Wanda bai saba ba tsoro ke kama shi, mai tsoro kuwa kunamar bindiga yake nema.

Daga nan sai a ce mana bindiga ce ta tashi da kanta. Wace bindiga ce ke tashi babu yatsa a kan kunamarta? Harsashi nawa kurtu ke harbawa a filin atisaye kafin a yaye shi? Bayan an yaye shi, sau nawa ake mai da shi a sake gwada shi? Su faɗa mana da lissafi.

A 2019 rundunar ta sake fasalin Umarni mai lamba 237, wanda ya tsara lokacin da ɗan sanda zai yi amfani da makami, aka taƙaita harbi ga inda rai ke cikin haɗari na nan take. An yi taro, an ɗauki hoto. Bayan shekara ɗaya matasa suka cika tituna suna zanga-zanga a kan rundunar 'yan sanda ta SARS, aka rusa ta ranar 11 ga Oktoban 2020, bayan kwana biyu aka sanar da SWAT a madadinta, aka yi alkawarin sabon horo. Ranar Kirsimeti ta 2022 wani jami'i, ba ma kurtu ba, ya harbe wata lauya a cikin mota a Legas, kotu ta yanke masa hukuncin kisa. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Borno, Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Neja. Rundunar ta musanta. Iyayen da suka yi wa 'ya'yansu sutura ba su buƙatar kowa ya tabbatar musu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taimakon gaggawa, domin shi ne mafi arha, kuma shi aka fi yasarwa.

Wa ke fara isa wurin haɗarin mota a mafi yawan hanyoyinmu? Wa ke kusa idan an sari mutum a unguwa, ko an harbi matafiyi? Ɗan sanda. Motar asibiti, idan ma akwai, tana can nesa. Mintocin farkon nan su ne rai. Wanda babbar jijiyar cinyarsa ta tsinke jini na iya ƙare masa cikin 'yan mintoci, alhali danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, ko ɗaure sama da shi tamau, na iya riƙe shi har asibiti. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kada amai ya shaƙe shi. Wanda numfashinsa ya tsaya a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ba a girgiza shi, ba a ɗaga shi yadda aka ga dama.

Wannan fa karatun 'yan kwanaki ne. 'Yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fitiyanu, waɗanda ba su karɓar albashin gwamnati, suna koya. Masu sa-kai na Red Cross suna koya. Me ya hana rundunar da ke da ma'aikata wajen 370,000?

Abin da muke gani a hanya kowa ya san shi. A kamo mai rauni hannu da ƙafa, kai na reto, a jefa shi bayan a-kori-kura kamar ba mutum ba. Mai karayar wuya da zai iya warkewa ya isa asibiti a shanye. Ku leƙa motar sintiri ta gaba da za ku gani. Za ku ga bindigogi, za ku ga barkonon tsohuwa. Ku nemi bandeji ɗaya da safar hannu.

Kuma wannan ba alfarma ba ce. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowa, har da jami'an tsaro, ya taimaki mai raunin harsashi ya kai shi asibiti mafi kusa, ta kuma wajabta wa asibiti ya karɓe shi ko da babu takardar 'yan sanda. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi sun ce ko wanda ɗan sanda ya harba da hannunsa sai ya nema masa magani cikin gaggawa. Amma shekara shida bayan dokar ta 2017, a Oktoban 2023, sai da Sufeto Janar ya sake fitar da umarni cewa a daina neman takardar. Rai nawa aka yi asara a ƙofar asibiti kafin nan, ma'aikatan jinya na tsoron a zo a kama su?

Shi kansa kurtun abin tausayi ne. Ɗan talaka ne, ɗanmu ne. Ana tura shi dajin Zamfara da hanyar Birnin Gwari, 'yan bindiga su harbe shi a ƙafa, abokin aikinsa na tsaye a kansa bai san yadda zai tsai da jinin ba. Ya cika a hannunsa. Sai a zo a yi wa matarsa ta'aziyya da jawabi, ta shiga zaryar neman haƙƙinsa.

Waɗanda suka bar shi a haka ba su taɓa tsayawa a shinge an nuna musu bakin bindiga ba. Su ne ke ɗebe 'yan sandan da suka fi gogewa su jera a ƙofar gidajensu, su riƙe wa matansu jaka. Su ne ke aiko da takarda a cusa yaransu cikin jerin kurata ko ba su ci jarabawa ba. Shekaru aka kwashe ana shari'a tsakanin ofishin Sufeto Janar da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a kan wa ke da ikon ɗaukar kurata, har Kotun Ƙoli ta raba gardamar a 2023. Kun taɓa jin sun kai juna kotu a kan abin da za a koya wa kuratan?

Ku kuma jama'a, ba ku fita ba. Ku ne ke kai wanda kuke bi bashi caji ofis, ku ba da na goro a kulle shi ya ji a jikinsa. Ku ne ke cewa a ba ɓarawo kashi ya fito da kaya, sai ranar da aka kama ɗanku a kan zargi ku tuna akwai doka. Ku ne ke kewaye wanda mota ta buge da wayoyi a sama, wani na kwarara masa ruwa a baki yana sume. Ku ne ke bin ɗan majalisa ya samar wa yaronku gurbi, ba ku taɓa tambayar sa nawa ya amince a kashe wa makarantar da za a kai yaron ba.

A watan Nuwamban 2025 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a kai adadin sababbin kurata 50,000, har a yi amfani da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima wajen horar da su. Ƙasar na buƙatar 'yan sanda, babu mai musu. Amma wa zai koyar da su a waɗannan sansanoni? Lauya nawa aka tanada? Malamin jinya nawa? Awa nawa aka ware wa doka, nawa wa kama mutum da hannu, nawa wa tsai da jini? Za a kori wanda ya faɗi jarabawar taimakon gaggawa, ko za a yaye shi don mai gidansa babba ne?

A buga manhajar a jarida kowa ya gani. A buɗe ƙofar makarantun 'yan sanda na Ikeja da Kaduna da Maiduguri da Wudil ga 'yan jarida da 'yan majalisa ba tare da an share fili ana jiran su ba. Ƙungiyar lauyoyi ta kowane gari ta matsa wa manyan majistarori su riƙa kai ziyarar wata-wata ofisoshin 'yan sanda, kamar yadda sashe na 34 na dokar 2015 ya ɗora musu. Masu unguwanni da limamai da shugabannin direbobi su je wurin baturen 'yan sandan yankinsu, su ce ya buɗe akwatin taimakon gaggawa na motar sintiri a gabansu, ya kuma kira jami'in da ya iya aiki da abin da ke ciki.