Ku Fita da Yara Su Ga Alƙahira

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, mutanenmu Hausawa na ƙauyukan Jazira da Sinnar da Bahar Azraƙ suka watsu. Wasu suka yi Gadarif, wasu Kasala, wasu kuma suka nausa arewa har Masar. Da waɗannan na ƙarshe nake magana a wannan makon, waɗanda suka bar hawasha, wato gonar ban ruwa, da gonar dawa suka kama hayar ɗaki a unguwannin Faisal da Ardul Liwa na Alƙahira.

Abin da ke damuna shi ne yadda iyali za su shekara a Alƙahira, yaro bai san komai ba sai matakalar bene da shagon burodi. In ka ce a fita, sai maigida ya ce yawon buɗe ido na masu kuɗi ne, shi da kuɗin haya yake fama. Maganarsa tana kan hanya. Amma Juma'a da Asabar hutu ne a Masar, kuma mafi yawan wuraren da ya kamata ɗan Bahaushe ya gani a birnin ba a biyan ko sisi a ƙofarsu.

Daga tashar Faisal, jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai ka Ataba a kan kuɗi kaɗan. Daga nan ƙafa ta isa. Ka miƙe titin Azhar, ka shiga masallacin da aka fara sallah a cikinsa a shekarar 972. Ka gaya wa yaranka cewa a nan a da akwai ruwaƙi, wato masauki, da aka keɓe wa ɗaliban Barno, da wani na ɗaliban Sinnar. Ka ba su labarin Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine masanin lissafi, wanda ya zauna a wannan birni har ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti. Imam Suyuɗi, wanda muke jin tafsirinsa na Jalalaini kowane azumi, shi ma a wannan birni ya rasu a 1505, kuma ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Yaron da ake kira ɗan gudun hijira a kan titi yana bukatar ya ji haka a tsaye a wurin, domin gani ya kori ji.

In an fito, ga masallacin Husaini a tsallaken titi, ga kasuwar Khan Khalili, wadda kallo a cikinta kyauta ne. Titin Mu'izzu kuwa, daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, masallatai da makarantu ne na ɗaruruwan shekaru a jere. Ran Asabar a je masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879, yara su ga faɗin harabarsa. Da la'asar sakaliya a tsaya kan gadar Ƙasrun Nil. Ruwan da ke wucewa a ƙarƙashinta, mafi yawansa ya bi ta Rusairis da Mai Wurno da Madani kafin ya iso, kuma ya kamata a nuna wa yaro hakan da yatsa.

Abinci ma ba sai an shiga babban gidan cin abinci ba. Da safe akwai keken mai ful a kusan kowace kwana, da ɗa'amiyya, wadda ta yi kama da ƙosanmu, sai dai Misirawa da waken ful suke yinta, ba da waken kabkabe ba irin ta Sudan. Da rana a sayi koshari: shinkafa da adas da taliya da kabkabe, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa, mai son yaji ya ƙara shaɗɗa. Kwano ɗaya babba ya ishi yara biyu. A sha ruwan rake da aka matse a gaban idonka, in lokacin sanyi ne a ƙara da gasasshen dankali. A zaɓi wurin da mutanen unguwa suka yi layi, inda tukunya ba ta hucewa, a kuma ɗauko ruwan sha daga gida. Da dare, a hanyar komawa, a tsaya wajen mai agashe a Faisal. Naman da kakanninmu suka koya wa Sudan gasawa da garin gyaɗa da yaji, yau Sudanawa na sayar da shi a Masar, kuma yaro ya cancanci sanin daga gidan wa ya fito.

Na san akwai tsoro. Ana tare baƙi ana tambayar takarda, don haka kada kowa ya fita sai da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ko katinsa na Mufawwadiyya, hukumar kula da 'yan gudun hijira, a aljihu. Akwai kuma mai jin nauyin ya yi nishaɗi alhali 'yan'uwa na cikin wahala. Wannan kunya ce ta mutumin kirki, amma kulle yaro a ɗaki bai taɓa ciyar da kowa a gida ba, sai dai ya ƙara wa wanda ya ga yaƙi ƙunci.

Tun da sojoji suka ƙwato Madani a Janairun 2025, jama'a ke ta komawa. Lokacin da ya rage wa da yawa a Masar kaɗan ne. Mutanen da kakanninsu suka taso daga daular Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilu, ba su saba ratsa ƙasa ido rufe ba. Iyaye, ku haɗa gida biyu ko uku, ku tara kuɗin jirgi da na koshari, ku fita wannan Juma'ar. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.